Tafin Hannu a Katakon Mota

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki, tana barin ki tashi da safe kuwa? Ina gaida Yaya da mijinta da yara duka. Malama maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana, ta sa yadda ta fito daga bakina. Yaya, ke da za ki karanta wa Inna, don Allah kada ki tsallake komai.

Kin aiko kina tambaya yaushe za mu dawo gida. Ba yanzu ba, Inna. Likita ya ce ɗakin baya namu ne muddin yana numfashi, wai direban da ya yi masa shekara goma sha ɗaya ba zai rasu a watsar masa da iyali a titi ba. Ina yi masa wanki da shara. Ya tsufa sosai, idonsa ya tafi, da murya yake gane mutum. Abu ɗaya ya roƙe ni, in riƙa duba masa Tsohuwa.

Tsohuwa ita ce motar, haka shi da baban Mage suke kiranta. Tana nan ƙarƙashin rumfa, ba ta ƙara motsawa ba tun ranar da baban Mage ya ajiye ta ya ce mini kansa na sarawa, wata huɗu ke nan. Cikinta akwai katako, amma ba irin na benci ba. Ja ne mai duhu kamar zumar da ta daɗe a kwalba, yana sheƙi har ki ga fuskarki, ga wasu zane-zane a cikinsa kamar idanu. Ya ɗauko daga bayan sitiyari har ɗaya ƙofar.

Da kin ga yadda marigayin yake tattalinsa da kin yi dariya. Kullum da safe sai ya ɗauko tsohuwar rigarsa da ta yi laushi, ya hura wa katakon hucin bakinsa, ya goge a hankali yana bin inda zanen ya nufa. Sau ɗaya a wata ya shafa masa kakin zuma daga wani ɗan gwangwani. Rana na karkatawa sai ya shimfiɗa tawul a kai, don rumfar ba ta tare ranar azahar. Gilashi kuwa ba ya rufe shi ruf, sai ya bar yatsa biyu, ya ce in zafi ya taru a ciki katakon tsagewa zai yi. Na taɓa tsokanarsa na ce waɗannan yatsun naka masu kama da taɓarya, biyunka ai ukuna ne. Muka gwada, haka ne kuwa cif. Kuma da tsakar rana sai ya je ya ɗora tafinsa a kan murfin ɗan akwatin takardu, wuri ɗaya kullum, wai yana jin ko Tsohuwa na zazzaɓi. Lokacin ina da cikin Mage na ce masa ni ba ka taɓa mini goshi haka. Ya ce ke ai kina da baki.

To ga abin da ya sa na tayar da Malama daga hutunta. Shekaranjiya Mage ta biyo ni cikin motar da kofin madara mai sukari, ta kifar da shi a gaba. Kafin in ankara tururuwa sun yi layi. Ni kuma abin da kika koya mini na yi. Katako in ya yi danƙo ai ruwa ne da sabulu da soso, a shanya a rana, kamar turmi. Ruwan ma mai ɗumi na sa. Na cuɗa shi tas, na buɗe ƙofofi, na cire tawul don ya bushe. Bai taɓa ce mini kada a sa ruwa ba. Ban dai taɓa ganin ya sa ba, kuma ban yi tunani ba.

Da na dawo da la'asar duk gaban ya yi fari fat, kamar idon da yana ta rufe. Sai wuri ɗaya. A kan murfin nan akwai hannu, Inna. Mai duhu, yana sheƙi, yatsu biyar a buɗe. Ƙaramin yatsan gajere ne. Kin tuna wanda ƙofar mota ta datse masa tun kafin aurenmu.

Na mayar da tawul na rufe, ban gaya wa Likita ba. Malama ta ce in sha ruwa in nutsu. Ki sa mu a addu'a, ni da yarinyar nan.

Ki huta lafiya.
Autarki.

Inna,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa da uwa. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. A gaida Yaya, a ce na gode da saurin amsa.

Na ji abin da kika ce, mamaci ba ya dawowa, in yi masa addu'a in bar zuciyata ta kwanta. Na sani, Inna, wallahi na sani. Ina yi masa kullum. Amma bari ki ji.

Washegarin ranar da na aiko miki, na shiga in share ƙasan motar, sai Mage ta hau kujera ta janye tawul. Na zaci za ta tsorata. Ko kaɗan. Ta leƙa, ta yi murmushi, ta ɗora ɗan hannunta a tsakiyar nasa kamar yadda suke yi in ya dawo aiki. Ta juyo ta ce mini, "Da ɗumi." Na fizgo ta har ta yi kuka, ni da ban saba dukanta ba.

Tun daga ranar ba ta da wurin zama sai gindin mota. Kin san dalilin da ya sa mata suna Mage, ba lungun da ba ta shiga. Sai ta jawo bokiti ta kife, ta hau, ta kai hancinta daidai kafar gilashin nan. Ƙanshin kakin zuma ke fitowa ta wurin, kuma shi ne ƙanshin rigunansa, ni ma na sani. Ta yi ta surutu ita kaɗai, tana ba da labarin wa ya ba ta alewa, wa ya ture ta. Wani lokaci ta yi shiru ta karkata kai kamar mai sauraro. Abinci ma sai na kai mata can take ci. Yarinyar shekara uku, Inna. Ranar Talata na tambaye ta da wa take magana. Ta dube ni kamar ni ce yarinyar, ta ce Baba ya ce ta shigo.

Na yi ƙoƙarin goge hannun. Na sa busasshen tsumma, bai tafi ba. Na shafa man girki, farin ya kwanta na ɗan lokaci, na ce alhamdulillahi, kafin magariba ya dawo, hannun ya ƙara fitowa sarai har da layukan tafi.

Dole na je na faɗa wa Likita. Na durƙusa ina jiran faɗa, sai ya kama dariya har da tari, ya ce ashe wanka na yi wa Tsohuwa, ita da ta yi shekara talatin ba ta ga ruwa ba. Ya ce in kai shi. Na riƙe masa sanda muka je, ya shafa katakon da yatsunsa, dariyar ta ɗauke. Ya ce akwai wani kafinta da ya san aikin, amma ya yi tafiya sai nan da sati biyu. Na ce masa akwai hannu. Ya ce a ina. Na kama nasa na ɗora a wurin. Ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya ce, "Direba, har yanzu kana bakin aiki?" Da wasa ya faɗa, amma muryarsa ta karye.

Jiya na yi abin da na san baban Mage ba zai so ba. Na murɗa gilasan nan huɗu na rufe su ruf. Marikin yana da tauri, da hannu biyu na yi, har na ji kowanne ya shige gidansa. Na kulle motar, na rataye makullin a ƙusar saman ƙofarmu inda sai na yi ɗage nake kaiwa. Motar nan in an rufe ta ko ihu aka yi a ciki ba a ji, shi da kansa yake alfahari da haka. To yanzu ba ƙanshi, ba magana. Katakon ya tsage in zai tsage.

Mage ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce na toshe wa Baba hanci. In zan wuce rumfar yanzu kawar da kai nake yi. Kunya nake ji in faɗa, amma ke ce uwata. Tsoron mijina nake ji, Inna, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yana son yarinyar nan fiye da ransa, kuma abin da ke ba ni tsoron ke nan. Ina gudun kada kewarta ta yi masa yawa.

Ki gaida duk mai tambayata.
Autarki.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya, ki fara gaya mata wannan kafin komai: Mage tana da rai, ga ta nan kwance a cinyata tana wasa da gefen zanena. Yanzu sai ki karanta sauran a hankali.

Ranar Asabar bayan azahar na kwantar da ita a tabarma ta yi barci, na zagaya bayan gida wanki. Famfo na zuba, ba na jin komai. Zanen gado ne da labule, sun ɗauke ni lokaci. Da na dawo tabarma ce kawai da takalminta ɗaya.

Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan duro, na fita titi ba ko mayafi. Na tambayi tela, na tambayi mai shago, ba wanda ya gan ta. Na dawo na sake duba ƙarƙashin gadon kamar zautacciya. Sau uku ina wuce rumfar nan ban kalli motar ba. Na ce wa kaina ai a kulle take, ga makulli can a ƙusa. Gaskiyar ita ce tsoro ya hana ni kallo. Wannan zan ɗauka har kabarina.

Likita na zaune a baranda yana jin ina ta kiran sunanta. Sai ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in rufe bakina. Na yi tsit. Ya karkata kunne ya ce, "Akwai mai tari wajen Tsohuwa." Na ce a kulle take. Ya ce ƙofar baya ta hagu ta yi shekaru ba ta kulluwa, direba ne kaɗai ya san yadda ake danne ta, shi Likita kuma ya manta bai gaya mini ba.

Ban san yadda na isa ba. Ta baya ta shiga, ƙofar ta koma ta rufe, ta tsallaka gaba. Tana kwance a kujerar gefen direba, kanta jikin ƙofa, ta janye tawul ta rungume shi. Da na buɗe, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe murhu. Na ɗauke ta, jikinta ya saki, fatarta ta bushe tana ƙuna, leɓenta ya tsattsage.

Allah ya saka wa tsohon nan. Idonsa ba ya gani amma hannunsa bai manta aiki ba. Ya ce inuwa, ya ce cire mata riga, ya ce jiƙa zanen gadon nan ki lulluɓe ta, sa ruwa a wuya da hammata, yi mata fifita kada ki tsaya. Yatsunsa na wuyanta yana ƙirga wani abu a ransa. Tela ya tsayar mana da mota muka tafi asibiti, aka sa mata ruwa. Kwana biyu muka yi. Sun ce da an ƙara ɗan lokaci kaɗan da wani zancen ake yi.

Ranar da muka dawo na bar ta wurin Malama, na ɗauki wuƙar kicin. Raina ya ɓaci, Inna. Na ce yau sai na kankare hannun nan ko da Likita zai kore mu. Ina tafe ina yi wa baban Mage magana a zuciyata, ina cewa kai da ka ce mini in kula da ita, kai ne za ka ɗauke mini ita.

Na zo zan buɗe ƙofar gaba sai na ga gilashin. Wanda kanta ke ƙarƙashinsa. A sauke yake kaɗan. Sauran ukun suna nan ruf yadda na bar su. Sai a lokacin na tambayi kaina ta ina tarin ya fito har tsoho ya ji daga baranda.

Na sa yatsa biyu a kafar, da sauran wuri. Na sa uku. Cif, Inna. Ba ragi ba ƙari.

Wuƙar ta faɗi, na zauna a ƙasa jikin tayar, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Likita ya rantse bai je wurin ba, ƙafarsa ma ba ta kai shi sai an riƙe shi. Ya ce tsohon gilashi yakan zame da kansa in zafi ya yi yawa, in daina wahalar da kaina. Mage kuwa ko da hannu biyu ba ta iya motsa marikin, na gwada ta a kan na baya. Da na ga ta warware na tambaye ta a hankali wa ya buɗe mata taga. Ba ta ko ɗago daga wasanta ba. Ta ce, "Na ce wa Baba zafi."

Malama ta ajiye biro tana share ido, bari in tsaya nan. Ki yi mana sadaka da abin da ya sawwaƙa.

Autarki.

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gidan. Mage ta murmure, har ta fara ƙiba, ta ce a gaida kakarta mai ƙafa uku, sandarki take nufi. Na ji saƙonki cewa in tattaro in dawo. Ki ƙara mini haƙuri, ki ji yadda aka ƙare.

Kafinta ya zo ranar Laraba, wani dattijo mai tabarau da aka ɗaure da zare. Ya duba ya girgiza kai, ya tambaya wace ce ta yi wannan aika-aikar. Likita ya ce wata ƙwararriyar mai wanke turmi ce. Suka yi ta dariya, ni ina sunkuye.

Ashe ba katako ba ne gaba ɗaya, Inna. Ya nuna mini a gefe. Itacen siriri ne kamar ɓawon albasa, an manna shi a kan wani abu, an zuba masa wani mai da ya bushe ya zama kamar gilashi. Ruwan ɗumi da sabulu suka ci kakin da ke sama, damshi ya shiga ta 'yan tsagu, rana ta dafa shi, shi ne farin. Hannun kuwa, ya ce mutumin da ke shafa kaki ya kuma ɗora tafinsa wuri ɗaya shekara da shekaru, dole wurin ya fi ko'ina kauri, ruwa bai samu hanya ba. Ya ce ba aljani ba ne 'yata, aiki ne.

Na ce to gilashin fa. Ya murɗa shi sama, ya ce haƙoran ciki sun cinye, zai iya zamewa. Ya jijjiga ƙofar, ya buga ta da tafi, ya buɗe ya maido da ƙarfi har sau uku. Gilashi ko gezau. Ya gyara tabarau ya ce to, yau dai bai ga dama ba.

Ya ce zai iya janye farin da ɗumi kaɗan-kaɗan ta bayan tsumma, sannan ya bi da kaki. Amma in farin ya tafi hannun ma zai ɓace, don farin ne ke nuna shi. Ya tambayi Likita ko a bar murfin yadda yake. Likita ya ce motar tasa ce, amma hannun ba nasa ba ne, a tambayi mai shi.

Suka juyo suna jirana. Inna, ba ni da hoton baban Mage sai na jikin katin tuƙi. Sati uku ina neman hanyar goge hannun nan, ranar da aka ce za a goge sai na ji kamar za a sake fita da shi daga gidan. Na kalli Mage tana leƙe ta bayan zanena, idonta na kan murfin. Muddin yana nan za ta nemi hanyar shiga, in ba yau ba gobe. Na ce a goge.

Na ɗaga ta na ce ta yi wa Baba sallama. Ta ɗora hannunta a nasa ta ce sai an jima, kamar mai fita wasa. Kafinta ya yi aikinsa har la'asar. Katakon ya dawo kamar zuma, sai wani ɗan tsagu a gefe da ya samu a kwanakin da na rufe gilasai. Aka kira mai gyaran makulli ya gyara ƙofar baya, na ja ta da ƙarfina ban iya buɗewa ba. Makullin yanzu a wuyana yake kwana. Da zai tafi kafinta ya karanta mini dokoki: ba ruwa, ba man girki, ba rana, a bar gilashi yatsa biyu. Na ce masa nawa uku ne. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba.

Mage ta leƙa sau ɗaya ta ga ba komai, ta ce Baba ya tafi aiki. Ba ta ƙara zuwa rumfar ba. Abin da na roƙa ke nan, kuma ya fi komai yi mini ciwo.

Ni ce nake zuwa yanzu. Kullum da safe kafin ta tashi nakan ɗauki tsohuwar rigar nan in shiga. In na hura hucin bakina a kan murfin, sai ya fito a cikin tururin, yatsu biyar, ƙaramin gajere. Kafin in ja wani numfashin ya tafi. Kafinta zai ce kaki ne, na yarda. Nakan ɗora nawa a wurin in ji ko akwai zazzaɓi, sannan in shimfiɗa tawul, in auna gilasai da yatsuna, in kulle, in ja kowace ƙofa sau biyu. Tun da nake barin su yadda yake so, ba wanda ya ƙara motsawa.

Shi ya sa ba zan iya tahowa yanzu ba. In na tafi wa zai auna?

Saura abu ɗaya, Malama ta ce ko in bar shi, na ce a'a ta rubuta. Wata rana in ina riƙe da marikin nan, zuciyata takan ce mini in murɗa shi ruf in tafi, in dawo da azahar in gani. Ban taɓa yi ba, kuma ba na jin zan yi. Ina tsoron in dawo in tarar an buɗe. Amma na fi tsoron in tarar da shi a rufe.

Ki yafe mini, ki ci gaba da sa mu a addu'a, mu uku.

Taki har kullum,
Autarki.